Inda Alhaji Bai Rasu Ba

A kasuwar Abossey Okai da ke Accra na yi furfura, ina sayar da kayan gyaran mota. Da za a tattara abin da ya bi ta hannuna, fitilu da madubai da ƙofofi da salansa, a harhaɗa su, da an jera motoci daga unguwarmu Nima har Makka kuma a dawo da ragowa. Duk da haka ban taɓa mallakar mota sukutum ba. Mahauci ne ni, wanda ya tsufa yana daddatsa nama bai taɓa kiwon ko akuya ba. Da safe motar hayar nan da muke kira trotro, da yamma trotro, gwiwata a gadon bayan wani, kwandon kifin wata a cinyata.

Akwai wani dattijo a unguwar Maamobi, tsohon ɗan kasuwar goro, da ni da kowa Alhaji muke ce masa. Yana da mota mai ruwan toka, tsohuwa amma tsaf, kamar wadda ake yi wa wanka da turare. Ba ya gudu da ita. Na taɓa ganin mai tallar biredi ya wuce shi a ƙafa, ya je ya sayar, ya dawo ya sake gaishe shi. Da idonsa ya fara hazo, sai wata Juma'a bayan an sauko ya riƙo hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗana, kai ka san ciwon ƙarfe. Ka ɗauke ta, kada ta faɗa hannun yaran nan masu tashin ƙura."

Muka daidaita a tsaye a wurin. Na biya, liman ya shafa fatiha, aka raba goro, Alhaji ya miƙo mini makulli da wata jakar leda mai ɗauke da takardun motar. Ciniki ya faɗa. Wanda ba ɗan Zongo ba zai tambaya me ya hana mu wuce ofis a sauya suna. To, a wurinmu ka dubi tsabar idon dattijo ka ce masa "mu je a rubuta," abu biyu ka faɗa masa: ko dai ba ka yarda da maganarsa ba, ko kuwa ka hango masa kabari. Ni kuwa an yi mini tarbiyya. Sau da yawa na ɗauko maganar tun daga gida, na riƙe ta a baki har zaurensa, da ya ce "a kawo wa baƙo ruwa" sai in haɗiye ta tare da ruwan.

Ana nan, wata safiya Alhaji ya yi sallar asuba, ya kishingiɗa, bai tashi ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Bayan addu'ar arba'in na saɓa babbar riga na tafi ofishin rajistar motoci, don takardar lafiyar mota da ake mannawa a gilas ta fara tsufa, kuma an ce yanzu komai sai mai mota ya zo da kansa, da katinsa, ya dangwala yatsa. Na bi layi har gemuna ya ƙara tsawo. Da na isa gaban wata ma'aikaciya mai tabarau, ta duba takardu, ta duba allon na'urarta, ta ce, "Ina mai motar?"

Na buga ƙirji. "Ga shi a gabanki, da ransa da lafiyarsa."

"Ba kai ba. Wanda sunansa yake nan."

"Ai ya riga mu gidan gaskiya."

Ta sake leƙa allon a natse, kamar mai leƙa ɗakin mara lafiya, ta ce, "A wurinmu dai bai rasu ba."

Ta yi mini bayani dalla-dalla, Allah ya saka mata. Sai an kawo shaidar rasuwa. Sai iyalinsa sun je kotu sun yi rantsuwa an ba su ikon taɓa abin da ya bari. Sannan su zo su ce sun sallama mini. Kafin nan, mota ta Alhaji ce, ni kuwa a idon hukuma bawan Allah ne kawai da ke yawo da makullin mutane.

Ina fitowa wani ɗan goro ya tare ni. Haka ake kiran masu tsayawa a bakin irin waɗannan ofisoshi suna cewa za su shige maka gaba. Tun daga nesa ya karanci fuskata.

"Baaba, mai mota ya mutu, ko? Ƙaramin abu. Dattijo kake so mai farin gemu? Akwai dogo, akwai gajere, akwai mai carbi. Kafin azahar mun tashe shi."

Na ce, "To yatsa fa?"

"Haba Baaba, yatsa ma ai Allah ne ya yi, ba a rasa mai kama."

Na ce masa ni da hannuna na zuba wa Alhaji ƙasa, ba zan yi hayar wani ya zo ya ƙaryata ni ba. Ya bi ni da kallon tausayi, irin wanda ake yi wa mutumin da ya ƙi shan magani.

Babban ɗan Alhaji yana Kumasi. Na kira shi, bai ja ba ko kaɗan. Ya ce, "Mun sani Baba ya sayar maka. Amma Mma ce gaba. Abin da ta ce shi ke nan, ranar da ta shirya zan hau mota in zo." Mma kuwa, wato Hajiya matar marigayi, tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Dole a jira.

Na riƙa zuwa gaishe ta da yamma in na taso daga kasuwa. Mota ba ta shiga lungunsu, ko keke sai ya riƙe numfashi, don haka nakan ajiye ta a bakin babbar kwata, inda Alhaji yake ajiyewa, in ƙarasa a ƙafa. In zauna a kan benci a tsakar gida, ita tana ɗaki bayan labule, ba na ganin komai sai gefen tabarma da jelar carbinta. Muryarta ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta shige. Ni kuwa Allah ya yi ni ba na iya ganin mutum cikin baƙin ciki in bar shi ya huta. Sai na ce bari in ba ta dariya.

"Mma, kin san wani abin mamaki? Na je ofis sun ce su a wurinsu Alhaji bai rasu ba. Yana nan daram, shi ne mai mota, ni ɗan rakiya ne."

Na jira dariya. Carbin ya tsaya. Can sai na ji ta ce, a hankali, "Ashe akwai inda bai rasu ba."

Washegari ina zama, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, yau ina Alhaji ya je?"

Na yi sororo. Sai na gane motar take nufi. To ni da ake roƙo in yi shiru, yau ga mai roƙo in yi magana. Na gyara zama na ce yau Alhaji ya je Madina ta nan Accra, ya ratsa kasuwa, masu doya suna darewa suna sara masa, wata mai tumatir ta rantse ba ta taɓa ganin mota mai kunya irin wannan ba.

Daga ranar abin ya zama mana al'ada. Kada wani ya ɗauka Hajiya ta zautu. Ita ta ba da likkafanin da ya ajiye tun dawowarsa daga Makka, ta san inda yake kwance sarai. Abin dai kamar mutum ne ya farka daga mafarki mai daɗi, ya san ya farka, amma ya ƙi buɗe ido tukuna.

Ni kuma na ba mafarkin haƙƙinsa. Na kai Alhaji bakin teku da yamma, lokacin da rana take narkewa a ruwa kamar man ja a tukunya, masunta suna jan taru suna waƙa, suka fito da kifin da sai da aka kira trotro biyu suka ɗauke shi, ɗaya kai ɗaya wutsiya. Ta bayan labule aka ce, "Alhaji ba ya cin kifin teku, yana sa masa ƙaiƙayi." Na ce ai kallo kawai ya yi. Na hau da shi duwatsun Aburi, inda gajimare yake saukowa ya kwanta a kan titi kamar tumaki, sai ka yi hon ya tashi ya ba ka hanya. Ta ce, "Da sanyi can. Ya ɗauki rawaninsa?" Na ce ya ɗauka, har ya naɗa wa madubi ragowar. Na tsaya da shi a bayan filin jirgi muna kallon jirage suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, fitilunsu suna ƙanƙancewa har su shige cikin taurarin farko na magariba, ya nuna wani ya ce wancan Jidda za shi, ya san shi da tafiya. A nan ne na fara jin dariyarta, 'yar ƙarama, kamar cokali ya taɓa kofi.

Wasu wuraren na je da gaske, wasu kuwa ko a taswira ban san inda suke ba. Har ni kaina abin ya fara bina. In ina tuƙi sai in ji ban iya ɗora kaya a kujerar gefena ba. In na zo wucewa ta gaban masallacinsa ƙafata da kanta take sauka daga totur. Ƙamshin goro da turarensa bai bar cikin motar ba, in rana ta gasa ta sai ya taso, in ji kamar yanzu za a ce mini "a hankali, ɗana, hanya ba ta guduwa."

Takaba ta ƙare. Aka yi sadaka, Hajiya ta fito tsakar gida, na ga fuskarta, ta rame amma idonta ya washe. Na bari aka kwana biyu, sannan na shigo da maganar kotu ta bayan gida, ina lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu.

Ta ce ƙafarta tana ciwo. Mako na gaba ta ce ta yi mafarki mara kyau, ba ranar fita ba ce. Na gaba kuma hadari ya haɗu. Da hadarin ya watse sai ta ce, "Gaggawar me kake yi? Wani ya ce zai ƙwace maka ita?" Kafin in ba da amsa ta ɗora, "Yau ina ya je?"

Takardar gilas kuwa kullum ƙara kusantar ranarta take. Na san abin da ke biyo baya, don sana'ata ce. Motar da ba ta da takarda ba ta hawa titi, motar da ba ta hawa titi a Nima kuwa ba ta daɗewa tana mota. Yau mata su shanya zannuwa a kanta, gobe awaki su mai da ƙarƙashinta majalisa, jibi taya ta sace, wata kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Ƙarshenta a jawo ta Abossey Okai, abokan sana'ata su taru da guduma, in ga madubinta a rataye a shagon maƙwabcina. Mota ɗaya tilo da na taɓa samu a dunƙule, ita ma ta koma gunduwa-gunduwa.

Maiɗakina ba ta rage mini komai ba. "Kai da bakinka! Mutum ya kwanta lafiya, ka tashe shi ka ɗora shi a mota kana yawo da shi gari-gari. To ka ci gaba, Direban Alhaji. In an jawo ta kasuwa sai ka ba Mma labarin Alhaji ya je gyara."

Na ce, "Ke ba ki ji dariyarta ba ne."

Ta ce, "Na ji. Shi ya sa ban ce ka daina ba. Cewa na yi bakinka ne ya ja maka."

Na rasa yadda zan yi. In na matsa wa Hajiya, na zama wanda ya zo kashe mata miji karo na biyu. In na yi shiru, mota ta tafi. Na kai ƙara wurin liman, ya saurare ni tsaf, ya ce haƙuri. Na ce Malam, haƙuri ba ya mannuwa a gilas.

Abin da ya warware mini kuwa ba dabarata ba ce. Wata rana na je Madina ɗauko kaya, na rasa wurin tsayawa, na soka motar a inda bai kamata ba, na ce minti ɗaya. Minti ɗayan Bahaushe. Na dawo na tarar da ɗan sanda a tsaye, ya ce in ba shi takardu. Ya buɗe, ya ɗaga murya a tsakiyar kasuwa ya kira sunan Alhaji cikakke, har da na mahaifinsa, ya ce, "Wannan mutum ya tare hanya! Ina yake?" Na yi ta ba da haƙuri da Hausa da Turanci da Twi, har da wani yaren da ban san na iya ba, ya ja mini kunne ya sake ni.

Ashe wata mai sayar da fura 'yar Maamobi tana gefe, ta ji komai. Labari a Zongo kuwa ba ya jiran trotro. Kafin in fita daga cunkoson Madina, an ce 'yan sanda suna neman Alhaji. Kafin in iso Nima, an ce an gan shi da idanu ya tare hanya. Ina ajiye mota wani tela ya rantse mini cewa marigayin ya tsere wa 'yan sanda bakwai da baya-baya. Aka ce Hajiya tana kira na.

Na same ta zaune a kujera a tsakar gida, ta yafa mayafi, ba ta ce a kawo mini ruwa ba.

"Ɗan nan, sunan wa aka kira a kasuwa?"

"Mma, ai ƙaramin abu ne, minti ɗaya kawai na..."

"Sunan wa aka kira?"

"Na Alhaji."

"Wa ya ajiye motar?"

"Ni ne."

Ta jinjina kai. "Wato kai ka yi ta'asa, shi a kira shi. Mutumin da tun da aka kawo ni gidan nan ina yarinya ban taɓa jin ɗan sanda ya san sunansa ba. Ko akuya ce ta kwanta a hanya, tsayawa yake ta gama barcinta. Sai yanzu da ba shi da bakin kare kansa za a riƙa shelarsa a gaban masu tumatir?"

Na sunkuyar da kai. Ta murza bakin mayafinta. Da ta sake magana faɗan ya fita daga muryar.

"Ni na ɗauka can inda suka ajiye shi hutawa yake, yana shan iska. Ashe dako yake yi maka." Ta goge ido. "Kira mini yaron nan na Kumasi. Ka ce ya zo."

Ya zo. Muka je kotu, Hajiya ta yi rantsuwa da murya mai ƙarfi har magatakarda ya ɗago kai, ta dangwala yatsa. Aka ce a jira, muka jira, takarda ta fito ana saura ƙiris ta gilas ta mutu. Ranar komawa ofishin rajista ɗanta ya ce ta zauna a gida, shi ya isa. Ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Muka tarar da ma'aikaciyar nan mai tabarau. Ta karɓi takardu ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce komai ya cika. Ta kai hannu za ta danna, sai Hajiya ta ce, "Tsaya, 'yata. Nuna mini shi."

Ɗanta ya fassara. Ma'aikaciyar ta juyo da allon. Hajiya ba ta yi boko ba. Ta ce, "Wanne ne?" Aka nuna mata wani layi na baƙaƙen rubutu. Ta matso da fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo, kamar mai neman kamanni a fuskar jariri. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta ce, "To Alhaji, ka sha hanya. Sauka haka nan ka huta."

Ta janye hannunta. Ma'aikaciyar ta danna. Ni da na zaci zan ji ƙara kamar ta tsawa, ko a ce wuta ta ɗauke a Accra gaba ɗaya, ban ji komai ba sai ɗan ƙit. Aka ce in kawo yatsana. Aka miƙo mini takarda da ɗuminta, ga sunana a kai, kowane harafi a tsaye kamar ya ci ya ƙoshi. Na karanta, na sake karantawa, na ba wani baƙo da ke kusa ya karanta mini don in ji yadda yake fita a bakin wani.

Ɗanta ya wuce tasha daga nan, ni na ɗauko Hajiya. Ta zauna a baya ta ce, "Yanzu taka ce. Ka je ka yi gangancinka da sunanka. Amma ba yau ba, ina ciki."

Ba mu yi nisa ba muka faɗa cunkoso. Rana ta yi sanyi, masu tallar ruwa da soyayyar ayaba suna ratsa tsakanin motoci kamar masu tafiya a cikin kogi. Na buɗe baki zan fara ba ta labarin wani cunkoso da na taɓa shiga wanda har aka yi aure aka haihu a cikinsa, na leƙa madubi, sai na ga ta yi barci. Kanta ya jingina da gilas, bakinta a ɗan buɗe, hannayenta a sake a cinya. Wata jikarta ta taɓa gaya wa maiɗakina cewa tun rasuwar ba ta barcin kirki.

Na haɗiye labarina. Hanya ta buɗe, ban taka ba. Direbobin trotro suka yi ta danna mini hon, yaransu suna leƙowa ta taga suna zagina da harsuna kala-kala, wani ya ce in sayar da motar in sayi kunkuru. Na ɗaga musu hannu kawai. Da muka iso kwanar Maamobi na ga har yanzu ba ta motsa ba, sai na wuce, na zaga ta New Town, ina kauce wa kowane rami, takardar tana aljihun ƙirjina gumi yana jiƙa ta.